Zayyanar Takardun Talla da Tambarin Kamfani: Misali Daga Jiragen Ƙarƙashin Ƙasa na Birnin Landan

GABATARWA

Duk wanda ya saba da kasuwa ya san cewa ba kowane mai saye ke kiran kaya da sunan da kamfani ya raɗa masa ba. Sau da yawa za ka ji uwargida ta aiki yaro ya sayo mata magi mai tauraro, ko dattijo ya ce a ba shi batir mai kan damisa. Haka abin yake a fagen siyasa. A zamanin jamhuriya ta farko, talakan da bai taɓa zama a aji ba ya san fartanya ta jam'iyyar NPC ce, tauraro kuwa na NEPU ne. A zaɓen 1979 ma, gida da masara sun tsaya a madadin NPN, mabuɗi kuma a madadin PRP. Ashe ke nan ido kan riga karatu isa ga ma'ana, kuma alama ɗaya tak tana iya ɗaukar nauyin da dogon jawabi zai ɗauka.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda ake tsara irin waɗannan alamomi da takardun talla, da kuma yadda suke haɗuwa su ba kamfani kamannin da jama'a za su riƙa gane shi da su. Domin kada bayanin ya tsaya a kan iska, za a ɗauki misali guda a bi shi daki-daki, watau kamfanin jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin Landan a Ingila. Dalilin zaɓensa shi ne, masana wannan fanni suna lissafa shi cikin kamfanonin farko da suka yi wannan aiki bisa tsari, kuma abin da aka shuka a can fiye da shekara ɗari da suka wuce yana nan ana cin amfaninsa. Daga ƙarshe za a duba abin da mai rubutu da Hausa zai iya tsinta a ciki.

MA'ANAR KALMOMI

Kalmomi uku ne za su yi ta maimaituwa, don haka ya kamata a fayyace su tun da wuri. Ta farko ita ce zayyana. A al'adance an fi saninta wajen ado da alarammomi ke yi a gefen shafi, ko wanda magina ke yi a jikin soro. A nan an faɗaɗa ta, ana nufin tsara haruffa da hotuna da launuka a kan takarda yadda saƙo zai isa ga mai kallo ba tare da wahala ba. Ta biyu ita ce tambari. Asalinsa ganga ce ta sarauta, wadda da an ji ƙararta an san wanda ke tafe. Da wannan ma'ana ce Hausawa suka ɗora kalmar a kan alamar da hukuma ko kamfani ke bugawa a takardunsa da kayansa. Ta uku ita ce kamannin kamfani, watau tarin abubuwan da ido ke gani, kamar tambari da launi da irin haruffa da fasalin takardu, waɗanda ake maimaita su kullum har su zame wa kamfani fuska.

Abin lura, kalmar da Turawan Ingila ke amfani da ita ga wannan abu na uku ta samo tushe ne daga ƙuna da wuta, watau lalas ɗin da ake yi wa dabba da ƙarfe mai zafi domin a shaida mai ita. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga makiyaya a ko'ina. Aikin lalas da aikin tambari ɗaya ne: su ce wannan na wane ne.

HALIN DA AKA SHIGA KAFIN GYARA

An buɗe hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta farko a duniya a Landan ranar 10 ga Janairu, 1863, tsakanin Paddington da Farringdon. Daga nan sai kamfanoni daban-daban suka yi ta haƙa nasu hanyoyin, kowa da sunansa, kowa da irin rubutunsa, kowa da taswirarsa. A 1902 aka kafa wani babban kamfani da ya tattara wasu daga cikin hanyoyin a hannunsa, amma ya zo yana fama da bashi, ga kuma gasar motocin haya a bisa titi.

Matsalar ta kasu kashi biyu. Ta farko, fasinja ba ya gane inda ya dosa. Bangon kowace tasha a lulluɓe yake da takardun tallan sabulu da magani da shayi, har sunan tashar kansa ya ɓace a tsakaninsu. Ta biyu, jiragen kan cika maƙil da safe da yamma lokacin zuwa aiki da tashi, amma da tsakar rana da ranakun hutu sai su yi ta zirga-zirga kusan wayam. Jirgi kuwa ko da mutum ko babu, sai ya sha wuta, sai an biya ma'aikata.

A 1908 kamfanonin suka yarda su riƙa tallata kansu da suna guda, watau Underground, su kuma fitar da taswira guda. A wannan shekara ce aka ɗora wa wani ma'aikaci mai suna Frank Pick alhakin sha'anin talla. An haife shi a 1878, aikin lauya ya koya, bai kuma taɓa zama mai zane ba. Baiwarsa ita ce sanin wanda zai ba aiki, da kuma tsayawa kai da fata a kan cewa kowane abu ya dace da aikin da aka yi shi dominsa. Ya ci gaba da hawa har ya zama babban jami'in gudanarwa na hukumar sufurin Landan da aka kafa a 1933, ya bar aiki a 1940, ya rasu a 1941.

TAMBARI

Maganin matsala ta farko ya fara ne da abu mai sauƙi. A 1908 aka soma kafa wani jan faifai a bangon tasha, aka gitta masa shuɗin allo ɗauke da sunan tashar da fararen haruffa. Hikimar ita ce, takardun talla duk masu kusurwa huɗu ne, saboda haka abu mai da'ira, ja wur, dole ya fita daban a tsakaninsu. Fasinjan da ke leƙowa ta tagar jirgi zai hango jan faifan kafin ya karanta komai, daga nan idonsa ya sauka a kan sunan.

Bayan 'yan shekaru sai aka sake masa fasali, aka huda tsakiyar faifan ya koma zobe, aka daidaita kaurin zoben da faɗin allon bisa ƙayyadadden awo. An yi masa rajista a matsayin alamar kasuwanci a 1917. Tun daga lokacin ya bazu a kan tikiti da taswira da hular ma'aikata da ƙofar tasha. A yau motocin bas da sauran hanyoyin sufurin birnin duk suna amfani da wannan zobe, launi kawai ake sauyawa.

Daga wannan za a iya fitar da siffofin tambari nagari. Na ɗaya, ya zama mai sauƙi, yadda yaro zai iya zana shi a ƙasa da tsinke. Na biyu, ya jure ƙanƙancewa da girma, ya fito sarai a kan ɗan tikiti kamar yadda zai fito a saman gini. Na uku, a gane shi ko da an buga shi da baƙin tawada kaɗai. Na huɗu, kada a riƙa sauya shi kowace shekara, domin ƙarfinsa daga sabo yake zuwa. Mai lura zai ga babu hoton jirgi ko na dogo a cikin wannan zobe. Ba dole ne tambari ya nuna sana'ar mai shi ba. Maimaici ne ke cusa masa ma'ana, kamar yadda ƙarar tambarin sarki ba ta furta sunansa amma kowa ya san shi ne.

HARUFFA

Mutumin da ya mayar da faifan zobe shi ne Edward Johnston, gwanin rubutun hannu wanda aka haifa a 1872. A 1913 Pick ya nemi ya ƙirƙiro wa kamfanin haruffa nasa na kansa, masu sauƙi, masu kwarjini irin na tsofaffin rubuce-rubuce, amma waɗanda kowa zai gani ya san na ƙarni na ashirin ne, kuma ba za a ɗauke su tallan wani ɗan kasuwa ba. An fara amfani da su a 1916.

Johnston ya ɗauko awon manyan haruffansa daga rubutun da Rumawan da suka sassaƙa a jikin duwatsu, amma ya zubar da 'yan ƙafafun ado da ake yi a ƙarshen sandar harafi. Harafinsa na O cikakkiyar da'ira ce. Ɗigon da ke kan i da j ya yi shi mai kusurwa huɗu a tsaye bisa tsini. Ƙaramin harafin l kuwa ya lanƙwasa masa wutsiya, domin kada a rikita shi da babban harafin I ko lamba 1. Wannan na ƙarshe ya nuna irin tunanin mai zayyana: yana hango inda mai karatu zai yi tuntuɓe, sai ya kawar da dutsen tun kafin a iso.

Kamfanin ya riƙe waɗannan haruffa a matsayin mallakarsa, maɗaba'un da ke yi masa aiki su ke amfani da su. Sakamakon haka, ko ba a ga tambari ba, da an ga rubutun an san mai magana. An yi musu kwaskwarima a 1979 ta hannun wani mai zayyana ɗan ƙasar Japan, Eiichi Kono, aka sake yin wata a 2016 domin su dace da fuskar kwamfuta da wayar hannu, amma ainihin siffarsu tana nan.

TAKARDUN TALLA

Matsala ta biyu, watau jirage marasa fasinja, da takardun mannawa aka yaƙe ta. Pick ya fahimci cewa babu mai sha'awar shiga rami don ramin kansa. Saboda haka maimakon a zana jirgi, sai aka riƙa zana wurin da jirgin zai kai mutum: lambun Kew, gidan namun daji, gidajen tarihi, gidajen wasan kwaikwayo, da ƙauyukan bayan gari inda iyali za su sha iska ranar hutu. Ma'ana, aka sayar wa mutum da dalilin tafiya, tikiti kuwa ya biyo baya.

Haka kuma ya raba wurare. Tallan 'yan kasuwa aka jera su cikin ƙayyadaddun gurabe masu awo ɗaya, takardun kamfanin kuma aka ware musu nasu wuri, musamman a bakin ƙofar tasha. Wannan ya rage hayaniyar da ido ke sha, ya kuma ƙara wa kowace takarda daraja.

Cikin masu zanen da ya ɗauka, wanda ya fi shahara shi ne Edward McKnight Kauffer, mutumin Amurka, wanda ya fara yi wa kamfanin aiki a 1915, ya kuma zana masa takardu fiye da 100. Salon aikinsa shi ne manyan siffofi da launuka kaɗan, shimfiɗaɗɗu, ba tare da tarkace ba. Wannan salo yana da alaƙa da yadda ake ɗab'i a lokacin. Hanyar da ake bi ita ce ɗab'in dutse, wadda wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya ƙago a 1796. Ana zane a kan lafiyayyen dutse da alli mai maiƙo, a jiƙa dutsen da ruwa, sa'an nan a shafa tawada mai mai. Da yake ruwa da mai ba sa haɗuwa, tawadar sai ta kama wurin zanen kaɗai. Kowane launi da nasa dutse ko faranti, kuma sai takarda ta bi ta cikin injin sau ɗaya domin kowane launi. Ke nan yawan launi yawan kuɗi ne. Gwanin mai zayyana shi ne wanda zai isar da saƙo da launi huɗu ko biyar, ya kuma sa farin takardar kansa ya yi aiki kamar launi.

Akwai kuma batun lokaci. Mai wucewa ta gaban takardar talla ba zama zai yi ya karanta ta kamar littafi ba, kallo ɗaya zai yi mata yana tafe. Don haka ake jera abubuwan da ke cikinta bisa daraja: hoto ya kamo ido, babban rubutu ya faɗi saƙo cikin kalmomi kaɗan, ƙaramin rubutu ya ba da bayanin tasha ko farashi, tambari kuma ya zauna a gindi kamar sa hannu. Idan aka ba kowane abu girma ɗaya, babu wanda za a gani, domin taura biyu ba ta taunuwa.

TASWIRA

Abu na huɗu bai fito daga ofishin talla ba. Taswirorin farko sun bi ainihin yanayin ƙasa, saboda haka tashoshin tsakiyar gari suka cunkushe wuri guda, na bayan gari kuma suka watse can nesa. A 1931 wani mai zanen injiniya a kamfanin, Harry Beck, ya zauna a lokacin kansa ya yi wani tunani: wanda ke cikin rami ba ya ganin titi, abin da ya dame shi kawai shi ne wace tasha ke bin wace, kuma a ina zai sauya jirgi. Sai ya miƙar da layukan duka, ya sa su tafi a kwance, ko a tsaye, ko a karkace bisa kusurwa mai digiri 45. Ya buɗa tsakiyar gari, ya matso da bayan gari, ya daidaita tazarar tashoshi. Daga abubuwan da ke bisa ƙasa, kogin Thames kaɗai ya bari.

Da farko ofishin talla ya ƙi karɓa, yana ganin abin ya yi nisa da abin da aka saba. Bayan an gwada 'yan kwafi kaɗan, sai a farkon 1933 aka buga waɗanda ba su kasa 700,000 ba, a kan ɗan kati mai naɗewa da zai shiga aljihu. Jama'a suka karɓa hannu bibbiyu. A yau hanyoyi 11 da tashoshi 272 ke kan wannan tsari, kowace hanya da launinta, kuma birane da yawa a duniya sun kwaikwaye shi.

Amma fa taswirar tana da nata aibi. Da yake ta yi watsi da ainihin nisa, baƙo kan biya kuɗi ya shiga jirgi daga Leicester Square zuwa Covent Garden, alhali tsakaninsu bai kai mita 300 ba. Wannan ya nuna cewa kowace zayyana zaɓi ce, ana bayyana wani abu ne ta hanyar ɓoye wani. Game da Beck kansa, ya yi ta gyaran taswirar har 1960, lokacin da aka miƙa aikin ga wani ba da son ransa ba. Ya rasu a 1974, kuma sai daga baya hukumar ta fara rubuta sunansa a gindin taswirar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Irin shaƙuwar da mutane suka yi da aikinsa ta fito fili a 2009, sa'ad da aka cire kogin daga taswirar: ƙorafi ya yi yawa har sai da aka mayar da shi cikin 'yan watanni.

ABIN DA YA SHAFI MAI RUBUTU DA HAUSA

Ɗalibin Hausa zai iya tambaya, ina ruwan biri da gada? Amsar tana ga haruffa. Rubutun boko yana da ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka samu gindin zama a shekarun 1930, bayan an daɗe ana nuna sautukansu da ɗigo ko wata 'yar alama a jikin harafi. Yawancin kyawawan haruffan da masu zayyana ke samu a kwamfuta an tsara su ne domin harsunan Turai, ba su da waɗannan uku. Abin da kan faru sai ɗayan biyu: ko dai a zubar da ƙugiyar baki ɗaya, ko kuma kwamfuta ta aro harafin daga wani iri daban, ya fito a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki. Illar ba ƙarama ba ce, domin fada daban take da faɗa, kafa daban da ƙafa, bari daban da ɓari. Kamfanin da ya kashe kuɗi ya buga takarda da irin wannan kuskure ya gaya wa mai karatu, ba da baki ba, cewa bai damu da harshensa ba. Abin da Johnston ya yi wa ƙaramin harafin l shi ne abin da ƙugiya ke yi wa Hausa. Saboda haka matakin farko ga mai zayyana shi ne ya gwada haruffan da ya zaɓa da waɗannan uku, manya da ƙanana, kafin ya ɗora komai a kansu.

Sauran darussan ma sun shafe mu. Dubi kalandar ƙungiya, ko takardar gayyatar taro, ko bangon mujalla irin ta ɗalibai. Sau da yawa za a tarar da irin haruffa biyar ko shida a shafi guda, hotuna sun hau kan juna, babu ko tafin hannu na fili inda ido zai huta, tambari kuma bana daban, baɗi daban. Gyaran wannan ba ya bukatar ƙarin kuɗi. Abin da yake bukata shi ne a zaɓi irin haruffa ɗaya ko biyu, launi biyu ko uku, a san abin da ya fi muhimmanci a ba shi girma, sa'an nan a rubuta waɗannan ƙa'idoji a ajiye domin waɗanda za su gaji aikin.

KAMMALAWA

An ga yadda abubuwa huɗu, watau tambari da haruffa da takardun talla da taswira, suka taru suka ba kamfani guda fuskar da aka san shi da ita a duniya. Kowannensu amsa ce ga wata matsala ta zahiri: sunan tasha da ya ɓace, rubutun da ya rikice, jiragen da babu kowa, da hanyoyin da suka sarƙe. Sai dai a tuna, labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuska ba ta maye gurbin zuciya. Da jiragen ba sa zuwa, da zoben ya zama alamar takaici, domin tambari alkawari ne, kyan alkawari kuwa cikawa. Fatanmu shi ne ɗaliban harshe su shiga wannan fage tare da masu zane da ma'aikatan maɗaba'a, su tattara kalmomin sana'ar, su kuma sa ido a kan yadda ake fitar da Hausa a kan takarda.